Kifin da Ba Shi da Suna a Hausa



A gaɓar Bahar Maliya, inda alhazanmu na dā suke ƙetarawa daga Sawakin zuwa Jidda, akwai wani ɗan kifi da ke zaune cikin ramukan murjani a ruwa marar zurfi. Turawa suna kiransa bileni. Galibi tsawonsa bai wuce yatsa ba, ba shi da ɓawo a jiki, haƙoransa kuwa a jere suke kamar na mataji, da su yake kankarar gansakuka a kan dutse. Mace ta saka ƙwai cikin rami, namiji shi ke gadi har su ƙyanƙyashe. Danginsa sun kai iri 400.

To, me ya haɗa malamin Hausa da kifin teku? Suna ne ya haɗa mu. Sunan da Linnaeus ya tabbatar wa wannan kifi a 1758 ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar yauƙi. Watau sai da wani ya kama shi, ya ji santsinsa a hannu, sannan ya raɗa masa suna. Bahaushe ma haka ya yi wa kifayen da ya sani. Ya dubi girma ya ce giwan ruwa, ya bambanta tarwaɗa da kurungu, ya san minjirya da girgizar da take yi wa mai taɓa ta, ya kuma san gaiwa tana kwanciya cikin laka har rani ya wuce. Bileni kuwa bai taɓa faɗawa komarsa ba, don haka bai sami suna ba.

Wannan rashi ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa yana kusa da gida. Masuntan da ke su a madatsar Guzuguzu ta ƙasar Kabo da tafkunan Gwarzo suna da sunayen ƙananan kifaye waɗanda ba sa kaiwa kasuwa, kuma sunan da ba a ciniki da shi yakan mutu tare da dattijon da ya san shi. Bargery ya tara kalmomi masu yawa a ƙamusunsa na 1934, amma ƙamus ba ya tafiya bakin ruwa da ƙafarsa.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu 'yan wannan yanki, idan an yi hutu, su tafi wurin sarkin ruwa da takarda da alƙalami, su zauna har a jawo koma, su tambayi sunan kowane kifi, musamman wanda ake mayarwa ruwa.