Jirgin Yaƙi a Kusurwar Ɗaki: Masu Gyara Sandar Tuƙi da Hannunsu

A Amurka da Turai da Rasha da Sin akwai wani rukunin mutane da son jiragen yaƙi ya shiga jininsu, har sun mayar da kusurwar ɗakinsu mazaunin matuƙi. Galibinsu ba soja ba ne, kuma ba su taɓa sa ƙafa a jirgin yaƙi ba. Malaman makaranta ne, da direbobi, da injiniyoyi, da 'yan fansho. Kayan aikinsu kwamfuta ce, da manhajar da ke kwaikwayon tashin jirgi, sai sandar tuƙi da totur da feda. Mai hange daga nesa zai ce wasan yara ne. Wanda ya matso kusa kuwa zai tarar da sukudireba da dalma da wayoyi da sufirin barbaje a kan tebur, domin da yawansu ba sa barin kayan yadda suka fito daga kwali. Sai sun kwance, sun gyara, sun sake ɗaurawa. A wannan kwance-kwancen ne ilimin harkar yake.

Asalin abin

Kwaikwayon tuƙin jirgi ya girmi kwamfuta. A 1929 wani matashi mai suna Edwin Link, a garin Binghamton na jihar New York, ya haɗa wani akwati mai siffar ƙaramin jirgi. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, don haka ya ɗauko zugazugi da bututun iska daga can, ya sa akwatin yana karkata yana juyawa idan an motsa sanda. Da farko wuraren shaƙatawa ne suka fi saye. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojan Amurka jigilar wasiƙu ta sama, matuƙa fiye da goma suka mutu cikin ƙasa da wata uku, saboda ba a horar da su tuƙi cikin duhu da hazo ba. Nan take rundunar ta sayi akwatunan Link guda 6, kowanne a kan dala 3,500. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000.

Da kwamfuta ta shigo gidaje, abin ya bi ta. Microsoft Flight Simulator ya fito a 1982. A 1998 kamfanin MicroProse ya fitar da Falcon 4.0, wanda ya kwaikwayi jirgin F-16 dalla-dalla, kuma har yau masu sa kai suna ci gaba da inganta shi da sunan Falcon BMS. Wanda ya fi tashe a yanzu shi ne DCS World na kamfanin Eagle Dynamics. Jirgin A-10C da ke cikinsa ya samo asali ne daga manhajar horo da kamfanin ya yi wa wani sashe na sojan saman Amurka, kuma littafin koyon sa ya haura shafi 600. Kusan duk maɓallin da ke mazaunin matuƙi yana aiki. Tayar da injin kaɗai kan ci mintuna, mataki bayan mataki.

Wasu daga cikin jiragen ma ba baƙi ba ne a sararin samaniyarmu. L-39 Albatros, wanda sojan saman Najeriya ke horar da matuƙa da shi a Kano, yana cikin DCS. Haka JF-17 Thunder, ƙirar Pakistan da Sin, wanda Najeriya ta ƙaddamar da guda 3 a Makurɗi a 2021.

Me ya sa hannu ya fi ido muhimmanci?

Matuƙin jirgin yaƙi ba shi da sukunin sunkuyawa neman maɓalli, alhali jirginsa na cin ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa aka tattara muhimman maɓallai, na rediyo da rada da makami da birkin iska, aka zuba su a jikin sanda da totur, ta yadda hannu ba zai bar wurinsa ba. Wannan tsari ake kira HOTAS. Kamfanin Thrustmaster ya kwaikwayi na F-16 a cikin sandarsa mai suna Cougar, sannan a 2010 ya fitar da Warthog mai mariƙin ƙarfe, kwafin na A-10C. Kamfanonin VKB da Virpil da Winwing ma suna cikin wannan kasuwa.

Amma kama da kamanni ba ta isa ba. Akwai ayyukan da ke tona asirin sanda. Shan mai a sama na ɗaya daga ciki: jirgi biyu suna tafiya tare, tsakaninsu 'yan mitoci, dole ka riƙe wurinka har tanki ya cika. Haka tsayar da jirgi mai saukar ungulu cak a iska, ko sauka a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage. Duk waɗannan gyara ne na milimita ɗaya ko biyu. Idan sandar tana cijewa a tsakiya, ko tana aika saƙon da hannu bai yi ba, komai ƙwarewarka sai jirgin ya yi ta tangaɗi.

Ba 'yan gida kaɗai wannan matsala ta taɓa dama ba. Ranar 20 ga Janairun 1974, matuƙin gwaji Phil Oestricher yana gwada gudun samfurin farko na F-16 a ƙasa, a sansanin Edwards na Kalifoniya, sai jirgin ya kama lilo hagu da dama har gefen fiffikensa ya goga ƙasa. Da ya ga zai kauce daga titi, sai ya ɗaga shi sama, ya zagayo ya sauka bayan kamar minti 6. Sandar jirgin tana gefen dama, ba ta motsi ko kaɗan, ƙarfin matsawar hannu kawai take aunawa, kuma ta cika saurin amsawa. Daga baya aka rage kaifinta, aka kuma ba ta ɗan motsi na 'yan milimitoci don matuƙi ya riƙa jin abin da yake yi. Idan manyan injiniyoyi sun sha fama da yadda sanda ke zama a hannu, ba abin mamaki ba ne mai kwaikwayo a gida ya yi ta gyaran tasa.

Gyare-gyaren da aka fi yi

Na farko shi ne sauya ma'aunin motsi. Sanda mai araha takan yi amfani da irin abin da ke bayan maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo: ɗan ƙarfe ne ke gogar wani siririn layin gawayi. Kowa ya san ƙarar ƙarat-ƙarat da rediyo ke yi idan wannan wuri ya cinye. To, a sanda, cinyewar kan sa jirgi ya riƙa zabura shi kaɗai. Maganinta na'urar da ake kira sensar Hall, wadda ke aiki da abin da masanin kimiyya Edwin Hall ya gano a 1879. Ana liƙa ɗan maganaɗisu a jikin abin da ke juyawa, a kafa sensar kusa da shi. Tana auna sauyin ƙarfin maganaɗisun ba tare da sun taɓa juna ba. Tun da babu guga, babu cinyewa.

Na biyu shi ne yawan matakan da ake raba motsin. Kwamfuta ba ta san motsi mai sulɓi ba, lamba ta sani. Tsohon allo mai bit 8 yana raba tafiyar sanda gida 256, mai bit 10 gida 1,024, mai bit 12 gida 4,096. Sai dai a kula: yawan lamba ba ya gyara sandar da ke da sako-sako a gindi. Mai neman bit 16 alhali ƙarfensa na karkarwa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Na uku, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi tasiri, shi ne ƙara tsawo. A yawancin jiragen yaƙi sandar daga ƙasa take tasowa tsakanin ƙafafun matuƙi, ta tebur kuwa gajera ce. Lissafin a fili yake. Idan tsawonta santimita 20 ne, karkata ta da digiri 20 na nufin hannu ya yi tafiyar kusan santimita 7. Idan aka mayar da ita santimita 40, tafiyar ta zama kusan 14. Ke nan ɗan kuskuren hannu ya ragu da rabi. Amma sufirin zai yi laushi da rabi shi ma, don haka akan sa mai ƙarfi, a kuma ɗaure gindin a jikin kujera ko wani ƙarfe don kada ya tuntsure.

Na huɗu shi ne sufirin da giris. Sufirin guda mai kauri yakan sa sanda ta cije a tsakiya, sai ka yi ƙarfi ta kuɓuce ta wuce inda kake so. Wasu kan sassauta shi, wasu kan sauya gindin gaba ɗaya da mai boris da sufirin dabam ga kowace fuska. Ana kuma shafa wani giris mai danƙo, irin su Nyogel 767A, wanda ke sa motsi ya yi nauyi amma ya yi sulɓi. Masu son jirgi mai saukar ungulu kan cire sufirin ɗungurum, domin sandar ta tsaya inda aka bar ta. Masoyan F-16 kuwa akasin haka suke yi: su kafe sandar, su sa mata irin ma'aunin nauyi da ke cikin sikelin zamani. Kamfanin RealSimulator na Sifen ya yi suna a wannan fanni.

Daga nan sai ƙirar allon maɓallai. Ƙaramin allon Arduino Leonardo ko Pro Micro, idan an loda masa 'yar manhaja, kwamfuta kan ɗauke shi a matsayin sandar wasa da zarar an jona shi ta USB. Da shi, da maɓallai, da akwatin katako ko na roba, mutum zai haɗa allon saukar da taya, kunna fitilu da tayar da inji. Manhajar DCS-BIOS ma takan dawo da saƙo daga jirgin, fitilar gargaɗi ta kama a kan allonka daidai lokacin da ta kama a sikirin. Wasu kan ƙara da bin motsin kai: 'yan fitilu 3 a jikin hula, da kyamarar kwamfuta, da manhajar opentrack ta kyauta, sai hoton ya riƙa juyawa duk inda ka waiga.

Abubuwan lura

Duk wanda ya buɗe na'ura ya san garantinta ya tafi. A ɗauki hoton wayoyi kafin a cire su, a kuma gyara abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Ba kowane giris ne ya dace da roba ba, wani na cinye ta a hankali. Wutar USB bolt 5 ce kacal, amma sandar da ke da mota a ciki, mai tura hannu kamar yadda iska ke yi, tana iya haɗuwa da wutar gida, kuma wannan aikin gwani ne.

Sannan kwaikwayo yana da iyaka. Matuƙin F-16 kan ɗauki nauyin da ya ninka na jikinsa sau 9 a lanƙwasa mai tsanani, har jini ya nemi barin kansa. Kujerar ɗaki ba ta san wannan ba, ba ta san tsoro ba, kuma wanda ya faɗo sai ya danna maɓalli ya sake tashi. Awa dubu a gaban sikirin ba ta ba da lasisi. Mai son tuƙi na gaske hanyarsa makaranta ce, irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ko shiga soja.

Akwai kuma tarkon takardun soja. A 2019 wata kotun Amurka ta ɗaure wani ma'aikacin Eagle Dynamics ɗan Rasha saboda sayen littattafan aikin jiragen yaƙi da doka ta hana fitar da su daga ƙasar. A 2021 wani mai buga wasan War Thunder ya wallafa takardun sirri na tankar yaƙin Ingila, Challenger 2, don kawai ya ci gardama. Son gaskiyar ƙira ba hujja ba ce a gaban alƙali. Haka ɗaukar hoton sansanin soja ba tare da izini ba na iya jefa mutum cikin matsala. Kada kuma daɗin wasan ya mantar da kowa cewa jiragen nan makamai ne, kuma inda suka yi aiki na gaske rayuka ne ke salwanta.

Ina ribar take?

Kayan manyan kamfanoni na cin ɗaruruwan daloli, ga buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da tsayayyiyar wuta. Amma ba sai da su ake farawa ba. FlightGear kyauta ne. Tushen DCS World ma kyauta ne, da jirage 2, Su-25T da TF-51D. Tsohuwar sanda ta hannu, ko da ta fara zabura, ita ce ma ta fi dacewa da mai koyo, tun da dole ya buɗe ta ya gano ciwonta.

Wanda ya bi wannan hanya zai fita da abubuwan da ba su tsaya a wasa ba: liƙi da dalma, karanta zanen waya, aiki da mita, rubuta ƙaramar manhaja, da sanin yadda ake mayar da motsi lamba. Irin sensar da ya sa a sandarsa ita ce ke cikin totur ɗin babur mai lantarki da injinan motocin zamani da yawa. Rabin wannan fasaha tana hannun masu gyaran waya da rediyo a kasuwanninmu tun tuni. Abin da ya rage shi ne a haɗa ta da lissafi da karatu.

Don haka iyaye da malaman da suka ga yaro ya ƙwallafa rai a kan jirage, kada su yi saurin cewa shiririta ce, kada kuma su sakar masa ragama ya kwana a gaban sikirin. A sa masa lokaci, a ba shi sukudireba da mita, a tambaye shi dalilin da ya sa sandarsa ke zabura da yadda zai magance ta. Ko bai zama matuƙi ba, jirage na buƙatar masu gyara da injiniyoyi da yawa a ƙasa kafin matuƙi ɗaya ya tashi, kuma wannan tambayar ce matakin farko na aikinsu.