Saniyar da ke taunar ƙashi, labarin ƙasar tsauni take ba ka

A wani taron ƙungiyar makiyaya da muka yi a Dogarawa bayan girbi, wani saurayi da ya taɓa zuwa horo a Tawa ya aje baƙin dutse gabana. Ya ce, "Malam, an ce mana ƙasar da ta fito daga tokar dutse mai aman wuta ita ce mafi albarka a duniya. To ga duwatsunmu baƙaƙe kamar an ƙone su, me ya sa shanunmu ke ramewa a kansu?" Dattawa suka yi dariya, amma tambayar tana da nauyi, shi ya sa na kawo ta nan.

Duwatsun Adar ba na aman wuta ba ne. Tun zamanin da ba a san mutum ba, teku ce ta rufe wannan yanki, ta bar shimfiɗun laka da farin dutse ɗaya kan ɗaya. Farin dutsen nan ne masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa, kuma mai lura yakan ga ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Baƙin dutsen da ke saman tsauni kuwa marmara ce, wato ƙasa mai ƙarfe da ta daskare. Wanda ke son ganin ainihin duwatsun aman wuta sai ya tafi Azbin, ko tudun Biu da na Jos a Najeriya, ko Dutsen Kamaru.

Ita ƙasar toka, masana suna kiranta andosol, daga kalmomin Japananci masu nufin baƙar ƙasa. Ba ta da nauyi, kwano ɗaya nata bai kai kwanon yashinmu ba, tana riƙe ruwa kamar soso, in ka murza ta jiƙe sai ta yi santsi a yatsa. Sun raba ta gida biyu. Inda ruwan sama ya yawaita, tokar ta ruɓe ta zama baƙar ƙasa mai laushi. A gangaren tsaunuka masu fari irin wuraren kiwo, tokar ba ta gama ruɓewa, tana nan da kaifi kamar garin kwalba, tana cinye haƙoran tumaki. Albarkarta ma da sauran magana. A Nakuru ta ƙasar Kenya, shanu sun daɗe suna ramewa cikin ɗanyar ciyawa kafin a gano ƙasar tokar wurin ba ta da sinadarin kobal. A tsibirin Aisilan, aman dutsen Laki na 1783 ya zuba toka mai fulor a makiyaya, kusan rabin shanun ƙasar suka mutu. Babban halinta kuma shi ne riƙe fosfor: in aka gwada ta, takan kama kashi 85 cikin 100 ko fiye, ta hana tsiro samu.

A wannan hali na ƙarshe ne ƙasarmu ta yi kama da ita, kuma nan ne abin ya shafi garkenka.

Ka hau tsauni daga wajen Galmi ka sauko a ƙafa, za ka taka ƙasa kala huɗu kafin ka kai kwari. A sama akwai marmara da tsakuwa, sai geza da anza nan da can. Gangaren farko duwatsu ne da farar ƙasa, inda ruwa ke gudu ba ya tsayawa. Ƙasa da shi fako ne, wanda ya yi ɓawo har ƙwayar ciyawa ba ta samun wurin kamawa, sai jigawa inda yashi ya taru, mai karangiya da burburwa. Can ƙasa kuma fadamar Maggiya, mai laka da albasa. Makiyayi bai buƙatar takarda kafin ya rarrabe su, tun yana bin awaki ya sani. Abin da ido ba ya nuna masa shi ne, ƙarfen da ke cikin jar ƙasar sama yana ɗaure fosfor, farar ƙasa ma tana ɗaure shi ta tata hanya, yashin jigawa kuwa da ma ba shi da shi sosai. Fadama ce ke da ɗan dama, ita kuma noma ya cinye ta. Saboda haka bisashe suna shafe damina a sama, kan ƙasar da ta fi kowace talauci, rani ya zo su bi busasshiyar ciyawa wadda ɗan abin da ke cikinta ya riga ya ragu.

Saniya mai shayarwa ita ke fara nunawa, don ƙashi da nono duk suna jan fosfor. Tafiyarta za ta yi tauri, gashi ya yi kaushi, ta shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba. Sai ka gan ta tana taunar itace, tsumma, leda, ko ƙashin mushe. Da yawa kan ce halinta ne. Ni dai duk garken da na tarar da shanu uku ko huɗu na yin haka cikin bazara, ban ƙara tambayar inda suka yi kiwo ba, na san amsar.

Taunar ƙashin ce ke kisa. Cikin ruɓaɓɓen mushe akwai ƙwayar cuta mai fitar da dafi mai shanye jiki. Saniya ta tauna, bayan ƴan kwanaki ƙafafun baya su saki, ta kwanta, harshe ya fito, ta kasa haɗiya, alhali jikinta babu zafi. Wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler ne ya gano wannan alaƙa a Afirka ta Kudu wajen 1920, kuma makiyayan Ferlo a Senegal sun yi asarar shanu da ita a shekarun 1960. In ta kai ga kwanciya, allurar da muke ɗauke da ita a jaka ba ta tada ta. Na taɓa kwana wajen wata saniyar nono a wani ruga, mai ita yana ta roƙona in ƙara allura, na ƙara don hankalinsa ya kwanta, da asuba ta mutu. Bayan ruga, taku kaɗan, ga ƙasusuwan jaki da aka yar tun sanyi.

Za a ce ai muna ba da kanwa da gishiri, wasu ma suna kai shanu Ingal lasar gishiri a ƙarshen damina. Duk suna da amfani, kada a bari. Sai dai kanwa da gishiri ba sa maye fosfor. Abin da ke maye shi shi ne dusar alkama, ƙwallon auduga, da dutsen lasa wanda aka rubuta fosfor a jikin kwalinsa. Ka ba ma'aikacin kiwo ko yaron da ya yi boko ya karanta maka, don akwai dutsen lasar da gishiri ne zalla aka rina. In kuɗin ƙungiya bai kai na garke duka ba, a fara da masu ciki da masu shayarwa, daga watan Maris zuwa saukar ruwa.

Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye. Yankin Tawa yana da dutsen fosfat da ake niƙawa a zuba a gona, kuma na ji masu cewa tunda shi ne abin da ƙasa ta rasa, a ba shanu su lasa. Kada a yi. Ɗanyen fosfat yana ɗauke da fulor, dafin da ya kashe shanun Aisilan, yana lalata haƙori da gaɓoɓi a hankali. Wurinsa cikin rami ne tare da taki. Mutanen Illela da Badagishiri sun nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa tassa da rabin wata suna farfaɗo da fako, kuma ciyawar da ta tsiro inda aka zuba taki ta fi ta tsandauri gina jiki.

Mushe kuwa a haƙa rami mai zurfi a binne shi, nesa da rijiya da hanyar kori, a danne da duwatsu don kare da kura. In bisa ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, wannan alamar saifa ce, kuma ƙwayarta na iya zama shekaru masu yawa cikin farar ƙasa da lakar kwari. A kira ma'aikacin kiwo na gunduma kafin kowa ya taɓa ta.