Ni da ƙasata sai na biya a nuna mini?

Wannan magana ta ishe ni. Na ji ta a bakin ɗan boko, na ji ta a bakin ɗan kasuwa, kwanan baya kuma na ji ta a bakin wani ƙanena da ya kwashi iyalinsa a hutun sallah suka fita yawon buɗe ido. A bakin wata marina wani saurayi ya tare su da sallama, ya ce zai zagaya da su ya yi musu bayani. Ƙanen nawa ya daka masa tsawa: "Kai, mu ba Turawa ba ne. Ni da ƙasata sai na biya a nuna mini?" Suka shiga, suka leƙa ramuka, yara suka toshe hanci, aka ɗauki hotuna, cikin minti goma suka fito. Da na tambaye shi abin da suka gani, sai ya ce, "Wallahi Yaya, ramuka ne kawai da baƙin ruwa." Ya ƙona man mota na dubban nairori don ya ga ramuka da baƙin ruwa, ya dawo yana murna wai bai bari an cuce shi ba.

Irin fitar da nake nufi sananniya ce. Kai da iyalinka ko abokanka ku ɗauki mota guda da jagora guda, ku fita da sassafe ku dawo kafin magariba. A cikin yinin ku ga dutse ko ruwa ko daji, ku ga namun dawa, ku ratsa ta ƙauye ko unguwar masu sana'ar hannu. Ba a haɗa ku da wasu baƙi, lokacinku a hannunku yake. Shi ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen jagoran, wanda mutanenmu suka ɗauka ko dai kayan Bature ne, ko kuma ɗan zaman kashe wando ne mai neman na banza.

To, bari mu fara da cewa wai al'adar Turawa ce. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna, ba haka kawai suke kama hanya ba. Ayari yana da madugu uban tafiya, yana kuma da jagaba, wanda ke gaba saboda shi ya san hanya, ya san mashigin kogi, ya san zangon da ke da ruwa da wanda ke da 'yan fashi. Fatake masu dukiya da wayo ba su ga ƙasƙanci a bin bayansa ba. Yau ma idan za ka sayi ragon layya dillali kake nema, ka ba shi la'adarsa ba tare da ka ce ya cuce ka ba. Alhazanmu ba sa tashi sai da malamai masu yi musu bita da jagoranci. Mun yarda a biya wanda ya san rago, mun yarda a biya wanda ya san hanya, amma wanda ya san tarihin wuri da sirrin sana'a shi ne ɓarawo? Mu ne fa muke cewa da ɗan gari akan ci gari.

Ga abin da ƙanena ya rasa. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, wannan baƙin ruwan haɗi ne na baba da toka, ana barinsa makonni yana tsima kafin ya nuna. Ka tsaya kusa da marini ka zuba ido. Yana tsugune a bakin rami, ya tsoma ƙyalle, ya ɗan jira, ya ɗago shi. Lokacin da ya fito launinsa kore-kore ne. Sai iska ta buge shi, a gaban idonka ya riƙa juyewa yana zama shuɗi. Shi ya sa marini ba ya jiƙa zane ya tafi harkarsa: tsomawa da ɗagowa ne, sau ba adadi, wani lokaci na sa'o'i, gwargwadon duhun da ake so. Waɗancan zagaye-zagayen da ke jikin zanen, mata ne a cikin gidaje suke ƙulle su da zare ɗaya bayan ɗaya kafin a kawo rini. Daga nan a wuce mabuga, inda ake ɗora zane a kan gungumen icce ana dukansa da sanduna masu kauri har ya ɗauki sheƙi. Irin wannan aikin ne ya fito da sunan garin Kura, har rawanin da Buzaye ke ji da shi ake kiransa ɗan Kura. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ba da labarin yadda rinannen tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Duk wannan ba a rubuce yake a bakin rami ba. Idan babu mai faɗa maka, ramuka da baƙin ruwa za ka gani, ko da a bayan ganuwar Kano aka haife ka.

A daji kuwa maganar ta wuce ta ilimi, ta zama ta rai. Gandun Yankari a jihar Bauchi ya kai murabba'in kilomita sama da 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Mutum ya zo daga birni da sabuwar mota, yana ganin ai hanya ce, zai bi. Ina za ka bi? Giwa ba ta da adireshi. Ma'aikacin gandu shi ke duban kashin giwa ya ce na safiyar nan ne, ya ga reshen da aka karya ya san inda garke ya nufa, ya san da rani dabbobi kan taru a gefen kogin Gaji saboda ruwa ya ƙafe a sauran wurare. Shi zai nuna maka gwanki a tsaye cikin ciyawa inda kai ba ka ga komai ba sai ciyawa. Shi ne kuma zai ce wa direba ya kashe mota, kowa ya yi shiru, idan giwa mai ɗa ta buɗe kunnuwa. Ɓauna da kake gani kamar saniyar Fulani, ba saniya ba ce. Mutane da yawa iyakarsu ruwan Wikki, su yi wanka a ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina, su koma gida, ba su taɓa jin labarin kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse ko tsofaffin rijiyoyin Dukkey ba, alhali duk a cikin gandun suke.

Misalin da ya fi burge ni yana Nijar. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda suka ƙare a ko'ina sai can. A 1996 guda 49 suka rage a duniya. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke kiwo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake. Me ya hana manomin ya ga nama ne kawai mai dogon wuya? Cikin dalilan akwai cewa 'ya'yan ƙauyukan ne suka zama jagororin baƙi, suka kafa ƙungiya, abincinsu ya rataya a kan dabbar nan ta rayu. Kuɗin da kake ƙyashin bayarwa, da shi ake sa mutumin ƙauye ya ga amfanin barin dabba da ranta, da shi ake sa ɗan marini ya ga dalilin zama a bakin ramin ubansa maimakon ya tafi acaɓa.

Ba na musun akwai ɓata-gari. Akwai wanda zai ƙirƙiro maka tarihin da babu shi, akwai wanda zai kai ka rumfar abokinsa kaɗai a ninka maka farashi su raba. Amma don akwai mugun dillali ba a daina zuwa kara ba. Akwai kuma lalacewar hanyoyi da sakacin hukumomi da tsadar mai, waɗannan kowa ya san su.

Abin da ya rage shi ne yadda za ka yi fitar ta yi kyau. Da farko kada ka cika buri. Yini guda ne, wuri uku sun isa. A Jos za ka iya fara safiya da gandun dabbobi na garin, wanda aka kafa a 1972, ka wuce gidan tarihi da ke nan tun 1952 ka ga tukwane da kayan Nok, da la'asar ka ƙare a Naraguta wajen dukawa. A Abuja, madatsar ruwa ta Usuma da ƙauyen Ushafa na masu ginin tukwane maƙwabtan juna ne. Kafin ku isa, ciro naira ashirin ka nuna wa yara hoton Ladi Kwali, ka ce musu da yumɓu ta kai inda ta kai. Yankari daga garin Bauchi ake yi masa yini guda. Wanda ya taso daga Kano ya ce zai je ya dawo a ranar, kwalta kawai zai gani. Idan namun dawa kake so, je da rani, ka kuma kasance a dajin da sanyin safiya ko da yamma. Da tsakar rana dabba ma inuwa take nema.

Nemi jagora ta hannun ofishin wurin, ko ta hannun shugaban masu sana'ar, ko wanda wani da ka yarda da shi ya taɓa fita da shi. Ku yi ciniki tun kafin mota ta tashi: nawa ne nasa, kuɗin shiga a kan wa yake, kuɗin kyamara fa, abinci fa, a ina za a tsaya sallar azahar. Rigimar da ake yi da yamma a bakin mota, kusan kullum maganar da aka ƙi yi da safe ce. Gwada shi da tambaya biyu ko uku. Wanda ya iya cewa "wannan ban sani ba, bari mu tambayi Baba" ya fi wanda ke da amsar komai. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ba kowane ƙauye ne ke da sabis ɗin tura kuɗi ta waya ba.

Maganar tsaro ba ta son kunya. Tambayi mutanen yankin halin da hanya ke ciki a makon nan, ba bara ba. Jagora ba sulke ba ne. A watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin Kure ɗin nan da na yaba, Faransawa shida da direbansu da jagoransu. Idan mutanen wuri suka ce a dakata, a dakata, kuma kowace irin fita ce a yi ƙoƙarin komawa gida da sauran rana.

A daji kada ka sauka daga mota sai an ce ka sauka. Kada ka ba gwaggon biri abinci don yara su yi dariya. Duk wanda ya taɓa zama a Wikki ya san yadda suke fizge leda daga hannun mutum, su buɗe ƙofar ɗakin da ba a kulle ba, kuma baƙi ne suka koya musu. Ledar ruwa da robar lemo ku dawo da su cikin mota. Abin takaici ne ka ga mutum da alwalarsa, ya gama cewa tubarkalla da halittar Allah, ya juya ya wurga leda cikin ruwan da ya gama yabo. Kuma don Allah kada ka sayi ɗan biri ko aku ko fatar damisa ko wani abu na hauren giwa a bakin hanya. Duk wanda ka saya, ka ba da kuɗin a je a kamo wani.

A ƙauyen masu sana'a kuwa, ka tuna wurin neman abincin mutane ka shiga. Yi sallama, gai da dattijon wurin, ka bari jagora ya gabatar da ku. Kada ka ɗaga waya a fuskar mutum sai ka nemi izini, balle matan aure da ke ginin tukunya a tsakar gidansu. Kai za ka yarda baƙo ya shigo gidanka ya ɗauki hoton iyalinka ya watsa a Facebook? Hana yara taɓa ɗanyar tukunya, aikin yini guda ne yatsa ɗaya ke rusawa. Bar su su yi tambaya, in mai sana'a ya yarda su gwada bugu ko murza yumɓu. Sannan ka sayi wani abu, ko ƙarami ne, daga hannun wanda ya yi shi. A nan ne halinmu ya fi ba ni haushi. Mutumin da zai shiga babban kanti ya biya kuɗin da aka manna a jikin jakar roba ta waje ko tari bai yi ba, shi ne zai tsaya a kan baduku ya taya jakar fata da kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗinta, yana cewa "ai a nan ake yi." Eh, a nan ake yi, kuma ka ga yadda ake yi da idonka. Ciniki halal ne, amma ka taya da tsoron Allah.

Ƙanen nawa ya ce zai koma da yaran a hutu mai zuwa. Na ce masa in ya je ya nemi saurayin nan da ya daka wa tsawa, ya ba shi haƙuri, sannan ya tambaye shi nawa ne. Kai ma mai karatu, in ka tashi fita da iyali, ka ware kuɗin jagora tun a gida, tare da kuɗin mai.