Barewa, da Waɗanda Ke Rarrafe Dominta

Duk wanda ya tashi cikin Hausa, ko a Kano aka yanke masa cibiya ko a unguwar Hausari ta Maiduguri, ya sha jin an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya kuma sha faɗar haka da bakinsa ranar da ɗan malami ya sauke Alƙur'ani ko ɗan maƙeri ya fara riƙe masaba. Amma da za a tara masu faɗar nan a Dandal, a ƙofar Shehu, a tambaye su wane ne ya taɓa ganin barewa da ɗanta a dawa, ba a keji ba, ba kuma a tsakar gidan wani attajiri ba, ina tsammani waɗanda za su amsa ba za su cika inuwar dalbejiya guda ba.

Kafin mu shiga daji ya kamata mu warware wata mas'ala ta suna, domin littattafan makaranta sun jima suna ɗora sunan barewa a kan wata dabba ta Turai da Amurka, mai ƙaho kamar rassan busasshen itace, wadda namijinta ke zubar da ƙahonsa kowace shekara wani sabo ya tsiro. Wannan ba tamu ba ce. Babu irinta ko ɗaya kudu da Sahara, kuma a Afirka duka ba a samunta sai a dazuzzukan duwatsun Magrib, wajen Tunisiya da Aljeriya. Namu dangin ƙahonsu na har abada ne, ba ya reshe, ba ya faɗuwa, in ya karye kuwa ya karye ke nan. Su ne gwanki da kanki da dari da mariya da mazo da kwantarafi da batsiya da gada, sai kuma ita barewa, wadda ta fi su duka shiga bakin mawaƙa da masu zance, har ya zama idan ana son a yabi idon budurwa ko saurin ƙafar saurayi, ba a zuwa ko'ina aro sai wurinta.

Barewar ƙasar Barno ja ce mai ɗan haske, kamar yashin da rana ta yi wa la'asar, cikinta fari fat, da wani siririn baƙin zane a kwiɓinta wanda ya bi tsawon jiki, goshinta ja, wutsiyarta baƙa. Tsayinta a kafaɗa bai cika wuce santimita 70 ba, nauyinta tsakanin kilo 20 da 35, watau ba ta fi matsakaiciyar akuya ba sai da tsawon ƙafa. Namiji da tamata duka suna da ƙaho, sai dai na namijin ya fi kauri da zobba. Ba ta son kurmi mai duhu, ba ta kuma jure tsantsar hamada kamar 'yar'uwarta ta cikin rairayi. Wurinta shi ne fili mai ciyawa da ƙaya jefi-jefi, inda za ta ci ɗanyar ciyawa da damina, ta koma ganyen ƙaya da 'ya'yan aduwa da rani, kuma irin wannan ƙasa ita ce ta miƙe tun daga Sanagal har bakin Nilu, Barno tana tsakiyarta. Tana yawo biyu-biyu ko biyar-biyar, tana yin arewa idan ruwa ya sauka, ta gangaro kudu idan ƙasa ta bushe, tamkar Larabawan Shuwa da shanunsu.

To, ga abin da karin maganar nan ya ɓoye mana. Barewa tana ɗaukar ciki kimanin wata shida, ta haifi ɗa guda, kuma ko da yake ɗan yakan miƙe tsaye tun ranar haihuwarsa, a kwanakinsa na farko ba ya bin uwar gudu ko kaɗan. Kwanciya yake yi. Uwar takan bar shi cikin ciyawa ko gindin wata ƙaya, ya lafe da ƙasa, ya shimfiɗa wuya, ba motsi ba kuka, ita kuwa ta yi nesa da shi tana kiwo, domin kada tsayuwarta ta nuna wa dila ko kura inda amanarta take, ba ta dawowa sai don ta ba shi nono. Ashe gadon farko da ɗan barewa ke ci daga uwarsa haƙuri ne, gudu sai daga baya. Mai rarrafen kuwa yana nan, amma ba ɗan barewa ba ne. Ɗan Adam ne, kuma yanzu za mu zo kansa.

Farauta a ƙasar nan ba ta da lokaci sai bayan kaka. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na zuba, ciyawa ta fi mutum tsayi a wasu wurare, laka ta hana tafiya a firki wajen Dikwa da Marte, kuma maharbin shi kansa manomi ne, gona ba ta bar masa sukuni ba. Saboda haka, ba da wata doka rubutacciya ba, namun daji kan sami hutun wata huɗu ko biyar a kowace shekara. Sai an girbe gero an kai rumbu, hunturu ya fara busawa, ciyawa ta bushe ta kwanta, tabkuna sun fara janyewa har namun daji sun rasa mashaya sai 'yan kaɗan, sa'an nan ake cewa daji ya buɗe. A wasu sassan ƙasar Hausa buɗewar nan biki ce sukutum, kamar yadda Arnan Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, suke yin buɗin daji kowace shekara, suna duban abin da shekarar za ta zo da shi. Barno, wadda sarakunanta suka karɓi Musulunci tun ƙarni na 11, ta daɗe da barin irin wannan, amma umarnin Sarkin Baka da ranar da ya sa suna nan. Har a Amurka, inda farautar waccan dabba mai rassan ƙaho ta zama al'adar miliyoyin mutane, hukuma ce ke yanka ranar buɗewa da ta rufewa, ta sayar da lasin, ta ƙayyade adadin da mutum zai kashe, kuma a jihohi da yawa masu baka ake fara bari su shiga kafin masu bindiga. Hankali ɗaya ne, tufafinsa ne suka bambanta.

Ba a kiwon kare ranar farauta. Tun da marka maharbi ke shirinsa: ya sake wa baka tsirkiya, ya yanko kyauro ya miƙar da shi a wuta, ya kai wa maƙeri aikin kibau masu kunne, mai bindigar toka kuma ya tanadi albarushi ya adana shi inda laima ba za ta taɓa shi ba. Dafin kibiya daga 'ya'yan kwankwani ake dafa shi har ya yi kauri kamar baƙin ƙaro, aikinsa kuwa a zuciya yake, shi ya sa ƙaramin rauni kan kayar da babban nama. Ana kuma shirin da ba a yi a bainar jama'a, na layu da guraye da kambuna, da layar zana da baduhu waɗanda aka ce suna ɓoye mutum daga ido. A nan ni dai ra'ayina shi ne, in da kura tana da maganin zawo da ta yi wa kanta. Amma ban taɓa musun cewa mutumin da zai kwana shi kaɗai a Sambisa yana bukatar abin da zai ɗaure masa zuciya ba. Shirin da ya fi duka amfani shi ne na ƙafa da ido, watau zagayen da maharbi ke yi makonni kafin buɗewa, ba da makami ba, yana karanta sawu a bakin mashaya, yana murza kashin nama da yatsa don ya san na jiya ne ko na yau, yana lura da gindin aduwar da 'ya'yanta ke zuba, yana zaɓen itacen da zai yi bago a kansa.

Barewa tana da tsaro uku, ido da kunne da hanci, kuma ko wanne da maganinsa. Maganin hanci iska ce: tun da hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, maharbi kan zagaya ya ɓullo mata ta kudu maso yamma, yana sakin ɗan toka daga yatsunsa lokaci-lokaci don ya ga ko iskar ta juya. Maganin kunne haƙuri. Amma maganin ido, a fili fetal inda ba abin laɓewa, shi ne abin da na fi jinjina wa magabata a kansa, watau burtu. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki da tozo a kansa, wanda ke tafiya a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangaru kusa da namun daji, sun saba da shi ba sa tsoronsa. Sai maharbi ya sassaƙa wuya na itace, ya ɗora masa kan burtu na gaske, ya naɗe da fata, wani ma ya yi masa ado da jajayen ƙwayoyin idon zakara, ya ɗaura a goshinsa, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa bisa gwiwa da hannu. Daga nan sai rarrafe, cikin ƙaya da ƙarangiya, yana sunkuyar da kai kamar mai tsinta, yana ɗagawa kamar mai dube-dube, yana karkacewa hagu da dama domin tsuntsu ba ya miƙe hanya sak, har rana ta take, har ya zo inda kibiya za ta kai. Sau da yawa kuma, bayan duk wannan wahala, wata tsohuwar barewa kan ɗaga kai ta yi tsaki ta hanci, garken ya tashi yana tsalle da ƙafafu huɗu a sandare, ɗan Adam mai daraja ya miƙe da kan tsuntsu a goshi yana cire ƙaya daga tafin hannunsa. Ba gwanki kaɗai ne sha-bara ba.

Idan kuwa harbi ya samu, aiki bai ƙare ba, domin shari'a tana jiransa. Malamanmu na mazhabar Maliku sun yi bayanin babin nan dalla-dalla: a ambaci sunan Allah yayin sakin kibiya ko sakin kare, karen ya zama horarre wanda maigidansa ne ya aike shi, kuma idan aka riski naman da sauran rai dole a yanka. Abin da tarko ya shaƙe har ya mutu mushe ne. A cikin Muhtasar na Halilu an kawo cewa naman da aka harba da makami mai dafi ba a cinsa idan ana shakkar ko dafin ne ya kashe shi, wanda ke nufin maharbin kwankwani sai ya bi sawun jini a guje ya cim ma naman da wuƙa kafin rai ya fita; kowa ya ci zomo ya ci gudu, balle barewa. Harsashi kuwa malaman Fas na baya sun halatta abin da ya kashe. Sa'an nan mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya rarrabe tsakanin farautar bukata, wadda ya ce halal ce, da farautar wasa, wadda ya ce makaruhi ce. Wannan hukunci, a ganina, ya kamata a rubuta shi a jikin kowace motar da ke fita dare da fitila mai kashe ido.

Farautar gayya, ta gangi da ƙaho da karnuka da gora da barandami, ba zan daɗe a kanta ba, domin rabinta nuna jarunta ce tsakanin ƙungiyoyi, kuma sau da yawa rigimar wa ya fara sara ta fi naman yawa. Abin da ta fi kamawa zomo ne da gada. Ita gada, wadda ke zama ita kaɗai, mai ɗan tukku tsakanin ƙahoni, ta fi barewa dabarar zama da mutane, tana laɓewa a gefen gonaki tana cin ganyen wake da dare, shi ya sa har yau ba ta ƙare ba.

Mutanen zamanin da ba su ɗauki namun nan dabbobi kawai ba. Akwai tatsuniyar naman dajin da ya rikiɗa ya zama kyakkyawar mace, ta auri maharbi don ta ji asirinsa, da ba don an katse masa magana kafin ya faɗi na ƙarshe ba da ya halaka. Akwai kuma ƙissar da Alƙali Iyal ya kawo cikin Ashafa, ta barewar da wani Balaraben ƙauye ya ɗaure, ta roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sake ta ta je ta shayar da 'ya'yanta, ta kuma dawo kamar yadda ta yi alkawari. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma ta zauna a zukatan masu bege, kuma maharbin da ya ji ta tun yana yaro hannunsa kan yi nauyi a kan mai shayarwa.

Yau fa? Dajin Sambisa, mai nisan kilomita 60 ko makamancin haka kudu maso gabas da Maiduguri, an keɓe shi tun 1958, kuma a da akwai giwa da gwanki da kanki da jimina da barewa a cikinsa. An yi dokar namun daji ta Jihar Arewa a 1963, an yi ta tarayya a 1985, an kafa gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Cadi a 1991. Amma gona ta ci daji, gawayi ya ci itace, mota da bindigar zamani sun ci saura, sa'an nan fitinar da ta tashi a 2009 ta mai da Sambisa sansanin yaƙi. A watan Mayu na 2014 maharba wajen 500, da samari da tsofaffi, suka taru a Maiduguri da bakunansu da bindigoginsu na toka, suna neman izinin shiga dajin don neman 'yan matan Cibok, wato ilmin sawun da aka koya a kan barewa ya koma kan mutane. Ko gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda yaran gari ke zuwa ganin abin da kakanninsu suka sani a dawa, ambaliyar Alau ta ranar 10 ga Satumba 2024 ta shafe shi, hukumarsa ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun salwanta. Masana na duniya sun riga sun sa barewar nan cikin jerin dabbobin da ake jin tsoron ƙarewarsu.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan wata rana a bakin hanya ko a bayan kasuwa aka miƙo maka ɗan barewa ɗaure da igiya, aka ce maraya ne an tsince shi shi kaɗai a ciyawa, ka sani yawanci ba maraya ba ne, ajiya ce aka ɗauke, ko kuwa an harbe mai ajiyar. Kada ka saya.