Kashi na biyu, kashi na goma: Me ya sa finafinan yanzu ba sa ƙarewa?

Duk wanda ya duba jerin finafinai goma da suka fi kawo kuɗi a gidajen sinima na duniya a shekarar 2024 zai ga abin mamaki, domin babu ko ɗaya a cikinsu da labarinsa yake sabo fil. Inside Out 2 ne a sama da kusan dala biliyan 1.7, sai Deadpool & Wolverine, sai Moana 2, sai Despicable Me 4. A ƙasansu akwai Mufasa da Dune kashi na biyu da Kung Fu Panda 4 da Sonic 3 da kuma Godzilla x Kong. Tara ke nan, kuma kowannensu ko dai ci gaban wani tsohon fim ne, ko kuma komawa baya aka yi don a ba da tarihin wani jarumi da aka riga aka sani. Cikon na goman shi ne Wicked. Shi ma daga wani wasan dandamali aka ɗauko shi, wanda ake nunawa a Amurka tun 2003, kuma tun kafin ya fito aka raba shi gida biyu.

Abin bai tsaya a Amurka ba. A ƙasar Sin, fim ɗin katun mai suna Ne Zha 2 da ya fito a watan Janairun 2025 ya haura dala biliyan 2, ya ture Inside Out 2 daga matsayin katun ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi a tarihi. A Indiya kuwa ba sai na gaya muku ba, tunda da yawanku kun kalli KGF da Pushpa a fassarar Hausa, wasu ma har sun haddace maganganun ciki fiye da yadda suka haddace jadawalin sinadarai.

To ƙannena, me ya kawo haka? Shin labarai ne suka ƙare a duniya?

Lissafin 'yan kasuwa

Labarai ba su ƙare ba, tsoron asara ne ya yi yawa. Babban fim a Hollywood yakan ci dala miliyan 200 kafin a gama shi, kamar yadda aka ruwaito game da Inside Out 2. Bayan nan akwai kuɗin talla, wanda shi ma yakan kai miliyoyi masu yawa. Sannan kuɗin tikiti ba duka ne yake komawa ga kamfanin da ya yi fim ɗin ba, masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabi. Shi ya sa masu sana'ar suke da wani ƙiyasi da suka saba yi, cewa sai fim ya kawo kamar ninki biyu da rabi na kuɗin da aka kashe masa kafin a fara maganar riba. Fim ɗin miliyan 200 ke nan sai ya nemo wajen miliyan 500.

Ka sa kanka a matsayin wanda zai sa hannu a fitar da wannan kuɗi. An kawo maka labari biyu. Na farko sabo ne, babu wanda ya taɓa jin sunansa, sai an yi ta talla ana bayyana wa mutane ko wane ne jarumin da abin da ya sa za su damu da shi. Na biyu kuwa lamba 2 kawai za a ƙara a gaban sunan da yara suka riga suka sani, suna da rigarsa da jakar makaranta mai hotonsa. Ɗan kasuwa ba ya dogon tunani a nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Labarin Moana 2 ya isa misali. Na farkon ya fito a 2016, ya yi kasuwa daidai gwargwado. Amma da ya shiga manhajar Disney+ sai yara suka riƙe shi, suna kallo suna maimaitawa, har ya zama fim ɗin da aka fi kallo ta intanet a Amurka a 2023, shekara bakwai bayan fitowarsa. A lokacin kamfanin Disney yana shirya ci gabansa ne a matsayin shiri mai dogon zango na cikin manhaja. Sai a watan Fabrairun 2024 shugaban kamfanin, Bob Iger, ya sanar da cewa an sauya shawara, za a mayar da shi fim na sinima, kuma a watan Nuwamban shekarar ya fito. Ya haura dala biliyan ɗaya. Sai dai idan ka kalle shi da idon basira za ka ga ɗinkin. An jero sababbin abokan tafiya har uku ba tare da an ba ko ɗaya isasshen lokaci ba, labarin yana tafiya gutsure-gutsure, sannan babban mugun da ake ta ambata ba a nuna fuskarsa sosai ba sai bayan an fara jero sunaye a ƙarshe, alamar cewa a jira na uku.

Wa ya kashe wa, kuma don me?

Wannan dabara ta katse labari a daidai inda ya yi daɗi ta girmi sinima. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, da ita Shaharzad ta tsira da ranta, tana yanke labari idan gari ya kusa wayewa don sarki ya bar ta zuwa gobe. Masu fim sun gaje ta ne kawai. A 2015 darakta S. S. Rajamouli ya rufe Baahubali na farko da nuna Kattappa, bawan da ya fi kowa amana, yana soke ubangidansa ta baya. Shekara biyu mutanen Indiya suka yi suna tambayar juna dalili, har tambayar ta zama abin barkwanci a kafafen sada zumunta. Da kashi na biyu ya fito a 2017, kowa ya ruga neman amsa.

Mu ma nan gida mun san wannan hanya. Ku tambayi yayyenku yadda ake sayar da finafinan Kannywood a zamanin kaset da faifan CD. Na ɗaya da na biyu ne, wani lokaci har na uku da na huɗu, kuma sau da yawa labari ɗaya ne aka datsa don a sayar sau biyu. Littattafan soyayya na kasuwar Kano ma haka suke fitowa. Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, sai masana'antar ta koma finafinai masu dogon zango a tashar Arewa24 da kuma YouTube, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So. A YouTube kuɗin mai shiri yana zuwa ne daga tallan da ake sakawa, saboda haka yawan masu kallo da daɗewarsu a kai su ne ribarsa. Idan labari ya ƙare, kuɗi ya tsaya. Wannan ne ya sa za ka ga an kwashe minti goma ana gaisuwa a falo, ko a dawo da wanda kowa ya ɗauka ya mutu.

Ba ina cewa kallon laifi ba ne, ni ma ina kallo. Amma lissafin yana da kyau a yi shi. A ce zango ɗaya yana da kashi 13, kowanne kusan awa guda. Zango goma ya zama awa 130, wato sama da kwana biyar cur ba barci ba sallah ba cin abinci, ban da kuɗin data. Ɗan aji shida da WAEC ke gabansa ya san abin da awa 130 za ta yi masa a lissafi.

Wanda ya cancanci lamba 2

Duk da haka rashin adalci ne a yi wa duk wani kashi na biyu kuɗin goro. A ganina tambaya ɗaya ce take raba su: shin akwai wani abu da ya sauya a rayuwar jarumin da ya sa dole a sake ba da labari, ko kuwa aljihun kamfani ne kawai yake buƙata?

Inside Out 2 ya ci wannan jarrabawa, kuma da za a ce in zaɓa wa ɗalibin sakandare fim ɗaya daga jerin can na sama, shi zan ɗauka. A na farkon, wanda ya fito a 2015, an shiga cikin kan wata yarinya mai suna Riley, inda Farin Ciki da Baƙin Ciki da Fushi da Tsoro da Ƙyama suke zaune kamar ma'aikata suna juya tunaninta. A na biyun ta kai shekara 13, tana shirin shiga babbar sakandare. Sai ga sababbin baƙi sun iso ɗakin: Hassada da Kunya da Gundura, da kuma shugabarsu Fargaba. A kan hanyar zuwa sansanin horon wasan hoki Riley ta ji cewa ƙawayenta biyu wata makarantar daban za su tafi. Nan take Fargaba ta karɓe ragama, ta kulle tsofaffin ma'aikatan a kwalba, ta shiga tsara yadda Riley za ta samu shiga cikin manyan 'yan mata ko da za ta yi watsi da ƙawayenta.

Abin da ya burge ni shi ne ba a mayar da Fargaba muguwa ba. Son Riley take yi, so take ta kare ta daga kunyar gobe, shi ya sa take hana ta barci tana jero mata duk hanyoyin da abu zai iya lalacewa. Akwai wurin da yarinyar take zaune a gefen fili, numfashinta yana sama-sama, zuciyarta tana bugawa, ta kasa gane abin da yake damunta. Duk wanda ya taɓa kwana ido biyu saboda jarrabawa, ko ya sauya yadda yake magana don kada a kira shi baƙauye a sabuwar makaranta, zai gane kansa a wurin. Ba za a iya ba da wannan labari a kashi na farko ba, sai da yarinyar ta girma.

Ka kwatanta shi da Fast & Furious. A 2001 labarin wasu matasa ne masu tseren mota a titunan Los Angeles, ana zarginsu da fashin manyan motoci masu ɗauke da na'urorin DVD. A kashi na tara da ya fito a 2021 sai ga biyu daga cikin jaruman sun ɗaura wa mota roka sun tafi sararin samaniya. Idan babu sabon abin faɗa, sai a ƙara ƙara da fashe-fashe. Kuma masu kallo ba wawaye ba ne. Joker na 2019 ya haura dala biliyan ɗaya, amma ci gabansa na 2024 da ƙyar ya wuce miliyan 200. Haka The Marvels na 2023 ya zama mafi ƙarancin ciniki a duk jerin finafinan Marvel.

Kallo ya koma taro

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu kai-tsaye, mu matasa. Yanzu ba don labari kaɗai ake kallon fim ba, ana kallo ne don kada a bar mutum a baya a hira. Kafin ka kalla, TikTok ya riga ya nuna maka guntaye, abokanka a aji suna kwaikwayon yadda Pushpa yake shafa gemu da bayan hannu, kai kuma kana zaune kamar baƙo. Fim mai suna sananne ya fi saurin haɗa irin wannan taro.

A 2022, lokacin da Minions: The Rise of Gru ya fito, samari a ƙasashe da dama sun riƙa zuwa sinima rukuni-rukuni sanye da kwat suna ɗaukar bidiyo, har wasu gidajen sinima a Ingila suka hana masu kwat shiga saboda hayaniya. A 2025 kuma A Minecraft Movie ya zo da nasa, inda ake ihu ana watsa gugguru sama idan an zo wani wuri a fim ɗin, har wani ya shigo da kaza mai rai a wata sinima a Amurka. Masu shara ne suka sha wahala.

Wani lokacin abin yakan wuce wasa. A daren 4 ga Disamban 2024, a wurin nuna Pushpa 2 na farko a wata sinima a birnin Hyderabad, jama'a sun yi turereniya don ganin jarumin fim ɗin, Allu Arjun. Wata mata ta rasu, ɗanta ƙarami ya ji mummunan rauni, kuma bayan kwanaki 'yan sanda suka kama jarumin kafin kotu ta ba da belinsa. Sannan kada son salon tafiyarsa ya mantar da mu sana'ar Pushpa a cikin labarin. Fasa-ƙwaurin itace yake yi, yana sayen 'yan sanda da 'yan siyasa. A ƙarshen fim ɗin an riga an rubuta cewa na uku yana tafe.

Sabon labari bai mutu ba dai. Oppenheimer, fim na awa uku a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, ya kawo sama da dala miliyan 900 a 2023. A 2025 Ryan Coogler, wanda ya ba da umarnin Black Panther, ya fito da Sinners, labarin da ya ƙirƙira da kansa, ya kuma haura miliyan 300. Na manya ne duka biyun, ba na ba ku shawarar ku neme su yanzu. Abin lura kawai shi ne, dukkan daraktocin biyu sai da suka yi wa kamfanoni finafinan jarumai masu lamba, Coogler da Black Panther, Christopher Nolan da Batman, kafin a sakar musu kuɗi masu yawa su yi nasu.

Su kuwa masu lamba suna nan a layi. Toy Story na farko ya fito a 1995, yaron da ya kalle shi yana ɗan shekara goma yanzu ya kai arba'in, wataƙila ma ɗansa yana ajinku. An sa 2026 a matsayin shekarar fitowar na biyar, kuma a wannan karon abokiyar gabar su Woody da Buzz kwamfutar hannu ce, wadda ta ɗauke hankalin yarinyar gidan har ta daina waiwayar kayan wasanta.