Jirgi Ya Nutse a Ciro Shi, Aboki Fa?

A wannan makon mun leƙa Amurka, inda ake wani wasa da ya samo asali a jihar Texas a ƙarshen shekarun 1970: yaƙin ƙananan jiragen ruwa. Ana ƙera su da siffar jiragen yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, a rage tsawonsu sau 144, a sarrafa su da rimot daga bakin tafki. Jikinsu katakon balsa ne mai laushi. Iskar gas ke harba 'yan ƙwallayen ƙarfe su huda jirgin abokin karawa. Idan ruwa ya fi ƙarfin famfon da ke kwashe shi, jirgin ya nutse. Sai mai shi ya ciro abinsa, ya liƙe hujojin, a sake gwabzawa.

Mutum ne ba ya dawowa. Wasan ya haura shekara 40, kuma wasu daga cikin dattawan da suka raine shi sun rasu. Abokansu na tuna su da jiragen da suka ƙera da dabarun da suka koyar.

Mu ma muna da masu koya mana aikin hannu, a gida da makaranta. Mu yawaita tambayarsu, mu gode musu tun suna raye.