Kafin Yaronka Ya Ari Muryar Shata

A yau ɗan sakandare a Yelwa ko Jahun, da wayar mahaifiyarsa da 'yar data kaɗan, zai iya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rera sabuwar waƙa da muryar Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999. Iyaye da dama dariya suke yi, su ce yaron nan akwai kai. Akwai kan kam, amma akwai haƙƙin wani a ciki.

Kwaikwayo ba laifi ba ne, da shi fasaharmu ta tashi. Makaɗan da, ta amshi suke farawa. Yaro ya shekara da shekaru bayan ubangidansa, yana ɗaukar kalangu, yana shan gyara, in ya tashi kafa tasa ƙungiyar sai ya nemi izini, kuma kowa ya san a gidan wa ya koya. Manhajar nan ba ta san wannan ladabin ba. An ɗura mata dubban waƙoƙi da zane-zane, galibi ba da sanin masu su ba, sai ta riƙa fitar da makamantansu cikin daƙiƙa.

A 2023 wani ya saki waƙa da muryoyin Drake da The Weeknd na bogi, miliyoyi suka saurara kafin a cire ta. A Maris 2025 kuma duniya ta cika da hotunan ChatGPT masu salon Studio Ghibli na Japan. Su waɗancan suna da lauyoyi. Mawaƙin biki a Bauchi, ko mai zanen allon shago a kasuwar Wunti, wa zai tsaya masa?

Doka tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, tana kare rubutaccen aiki har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Wato waƙoƙin ɗan Bauchi, Sa'adu Zungur, da ya rasu a 1958, kariyarsu na kaiwa ƙarshen 2028. Sai dai ba da sashen doka ake tarbiyyar yaro ba.

Idan ɗanka ya nuna maka irin wannan aiki, kada ka ƙwace wayar. Tambaye shi: salon wa ka ɗauka? Ya faɗi sunan, ya kuma rubuta a jiki cewa na'ura ce ta haɗa. Kada ya sayar, kada ya kai wa malami a matsayin aikin hannunsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sa wa mutum magana a baki. Yaron da ya saba wasa da muryar mawaƙi, gobe muryar malamin addini ko basarake zai ɗauka, a tura ta WhatsApp kafin la'asar, jama'a su gaskata. Wannan a hana shi kai tsaye, tun yana kan gwaji da muryar abokinsa na aji.